Yadda Muka Kori Iska Daga Gidan Kakana

A cikin hutun Kirsimeti na shekarar 2023 na ɗauki cokalin gini da hannuna, na taya birkila toshe bangon gidan kakana. A ran nan ina ganin aikin kirki na yi. Wata huɗu ba su cika ba na gane ɓarna ce. Shi ya sa na ce bari in rubuta labarin a wannan mujalla tamu, ko wani daga cikin 'yan'uwana ɗalibai ya tsira daga irin kunyar da na sha.

Gidan yana nan Bauchi, bayan ganuwa, wajen tashar jirgin ƙasa. Marigayi kakana ne ya gina shi a shekarar 1963, watau shekara biyu bayan da hanyar jirgi ta iso Bauchi daga Kuru. Shi birkila ne. Ya daɗe yana aiki a Ma'aikatar Ayyuka, wadda tsofaffi har yau su ke kira P.W.D., hannunsa kuwa ya taɓa gidajen ma'aikatan gwamnati da yawa a Bariki. Da ya tara ɗan abin da ya tara, sai ya ce shi ma zai yi wa iyalinsa irin wanda ya ke yi wa manya, ko da ƙarami ne.

Ga yadda gidan ya ke. Ɗakuna huɗu ne a jere, falo ɗaya da na kwana uku, sun miƙe daga gabas zuwa yamma. Gindin bangon dutse ne har gwiwa, gama dutse ba abin nema ba ne a Bauchi, daga nan sai bulo. Baranda mai faɗin ƙafa 7 ta bi gaban ɗakunan duka ta fuskar kudu. Rufin ya zarce bango da wajen ƙafa 3 ta ko'ina. Tagogin irin masu fallayen gilashi jere-jere ne, waɗanda a ke kira luba, in ka taɓa ɗan hannun ƙarfe sai su buɗe gaba ɗaya. A bisa kowace ƙofa akwai wata 'yar taga marar gilashi. Can sama kusa da silin, a bangon arewa, an jera layi biyu na bulo mai huji, wanda magina ke kira fansi, da shi kuma aka tare ƙarshen baranda ta yamma tun daga ƙasa har sama. Daga daɓe zuwa silin ƙafa 11 ne. Daɓen falo da na baranda tarazo ne, watau gutsattsarin farin dutse da aka kwaɓa da siminti aka goge har ya yi santsi.

Zan faɗi gaskiya, tun ina yaro ban so gidan nan ba. Abokaina su kan ce gidanmu kamar disfensare, wasu su ce ofishin haraji. In na je gidajensu na ga tayil yana walƙiya, da tagogin alminiyam masu baƙin gilashi, sai in komo in dubi namu in ji kunya. Saboda haka da Baffa, ƙanen mahaifina, ya karɓi kuɗin sallamarsa daga aiki, ya ce zai gyara gidan kafin bikin babban ɗansa, ni ne na fara tafa masa.

Kada wani ya zaci Baffa ba shi da hujja. Yana da ita, mai ƙarfi ma. Ya ce da hunturu ƙura ta kan shigo ta hujin bulon nan har ta rufe gado. Ya ce da damina sauro ta nan su ke bi, ƙadangaru kuwa sun mai da wurin hanya. Ya ce ɓarawo ba ya shan wahala da luba, zare gilashi uku kawai zai yi ya zura hannu. Ga kuma amarya za a kawo, ba ya so danginta su zo jere su raina mu. Duk wannan gaskiya ne. Ni kuwa na ƙara da nawa, na ce ai zamani ya wuce wannan, ga fanka, ga na'urar sanyaya ɗaki, me za a yi da ramuka a bango? Da ya ke ni ne ɗan kwaleji, sai aka ɗauki maganata da nauyin da ba ta da shi.

Mutum ɗaya ne ya ƙi, ita ce kakata. Tana zaune a baranda tana tsince shinkafa, ta ce, "Ni dai na san mai gidan nan bai bar rami ko ɗaya a banza ba."

Na ce, "Haba uwargida, kishi ki ke yi don za a kawo amarya."

Ta ce, "To, maigidana, kai ne mai boko. Allah ya kai mu bazara."

Aka yi dariya, aka kama aiki. Cikin mako uku muka toshe bulo mai huji duka da siminti, muka cike 'yan tagogin bisa ƙofofi. Aka ciro luba daga falo da ɗakuna biyu, har da na kakata, aka sa tagogin alminiyam masu ja gefe. Aka sauko da silin da ƙafa 2, aka yi shi da roba fari fat. Aka shimfiɗa tayil a kan tarazon falo. Rabin baranda kuma aka gine shi ya zama ɗakin ajiya. Ɗaki ɗaya kaɗai ya tsira, na ƙarshe ta gabas, don kuɗi sun ƙare kafin a kai gare shi. Aka sha biki cikin sanyin Janairu, kowa ya shigo sai ya yaba. Na koma kwaleji ina jin kaina.

Da na zo hutun Ista, ƙarshen watan Maris na 2024, na iso da dare. Abin da na fara gani shi ne kakata kwance a kan tabarma a ragowar baranda, da mafici a hannunta. Ango da amarya su ma sun fito da katifarsu tsakar gida. Kowa ya tuna irin zafin da aka yi a bazarar nan, ga wuta ba ta zama, ga man janareto ya yi tsada tun da aka janye tallafin mai a watan Mayu na 2023. Na shiga ɗakin kakata don in ajiye mata tsaraba, sai na ji kamar an rufa mini bargo a fuska. Ƙarfe goma na dare, amma bangon da ɗumi kamar an sauke tukunya daga kansa. Da gari ya waye na dube ta da kyau, na ga ta rame, wuyanta da bayanta duk ƙuraje, idanunta sun faɗa don rashin barci. Tsohuwa mai shekara fiye da 80, wadda ta yi shekara 60 tana kwana a ɗakin nan lafiya, mun fitar da ita waje, ga sauro, ga raɓa.

Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Cewa kawai ta yi, "Maigidana, ka sa ni a tanderu, ko gurasa ka ke so in zama?"

A daren na kwana a ɗakin gabas, wanda ba a taɓa ba. Akwai zafi, ba na musu, amma wajen tsakar dare sai na ji iska tana ratsa ɗakin a hankali, har na yi barci. Gida ɗaya, rufi ɗaya, bango ɗaya ne tsakani. Nan fa tunani ya kama ni.

Kashegari kakata ta sa na jawo mata tsohon akwatin ƙarfe na marigayi daga ƙarƙashin gado. A cikin takardunsa, tare da katin coci da rasiɗan haraji, akwai wata takarda da ta yi ja don tsufa, an naɗe ta huɗu. Zanen gidan ne da fensir, da hannunsa, kowane ɗaki da awonsa. A kusurwar sama ya ja kibiya ya rubuta "Arewa". Ni da na yi shekaru ina zana taswira a aji, ban taɓa tambayar kaina ina gidanmu ya fuskanta ba.

Da muka koma karatu na kai wa malaminmu na labarin ƙasa takardar. Ya daɗe yana dubanta, sa'an nan ya ce in ɗauko alli in zo gaban allo, shi zai yi tambaya ni in ba da amsa. Abin da muka fitar a ran nan shi ne zan taƙaita muku.

Na fari, rana. Bauchi tana wajen digiri 10 arewa da layin da ya raba duniya biyu, saboda haka da tsakar rana, rana tana can sama ƙwarai. Sau biyu a shekara ma ta kan tsaya daidai bisa kanmu, wajen tsakiyar Afrilu da ƙarshen Agusta. Bangon da ya dubi kudu ko arewa, in rufi ya ɗan zarce shi, sai ya wuni cikin inuwa. Amma bangon gabas da na yamma ba rufin da zai kare su, gama da safe da la'asar rana a kaikaice ta ke zuwa. Don haka kakana ya miƙe gidan daga gabas zuwa yamma, ya ba rana gajerun bangaye biyu kaɗai ta daka, ya kuma tare ƙarshen baranda ta yamma da bulo mai huji, wanda ke hana rana ya bar iska.

Na biyu, iska. Iska ba ta shiga ɗakin da ba ta da mafita, kamar yadda ba ka iya hura kwalba. Da bazara da damina iskarmu daga kudu maso yamma ta ke zuwa. Sai ta bi ta inuwar baranda, ta shiga ta luba, ta fita ta tagar arewa. Iska mai zafi kuwa sama ta ke tashi, shi ya sa aka ɗaga silin don ta taru can nesa da kan mutane, aka kuma bar mata hanyar fita ta 'yan tagogin bisa ƙofa da hujin bulo. Da dare, in waje ya huce, ta nan zafin da bango ya sha da rana ya ke ficewa. Mu kuwa mun toshe mafita, mun sauko da silin. Tagar da muka sa, ko ka buɗe ta iyakar buɗewa, rabi ne kaɗai a buɗe, gama gilashi ɗaya bayan ɗaya ya ke shiga, alhali luba kusan dukan faɗinta ta ke bayarwa.

Malam ya ƙara da wata magana da ta zauna mini. Ya ce in tuna a 1963 siminti ba a kusa ya ke ba. Masana'antar Nkalagu, can gabashin ƙasar nan, a 1957 ta fara aiki, ta Ashaka kuwa sai 1979. Buhun da kakana ya saya daga nesa ya zo, da fam da sule na guminsa ya biya. Mutumin da ke ƙirga kowane buhu ba zai ɓata siminti wajen ado kawai ba.

Ya gaya mini kuma wannan salon gini ba a Bauchi ya tsaya ba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu an yi ta gina makarantu da asibitoci da gidajen ma'aikata a Afirka ta Yamma, masu zanen gini suka yi ta neman yadda za a sami sanyi ba tare da inji ba. Waɗanda suka fi suna a cikinsu su ne wani Bature da matarsa daga Ingila, Maxwell Fry da Jane Drew. Su suka zana gine-ginen Kwalejin Jami'a ta Ibadan, har da babban ɗakin karatunta mai bango huji-huji. Sun rubuta littafi a 1956 a kan gini a ƙasashe masu zafi da laima, a 1964 kuma suka faɗaɗa shi ya haɗa da ƙasashe masu zafi da fari irin namu. Daga manyan gine-gine dabarun suka gangaro zuwa zanen gidajen gwamnati, daga nan suka shiga hannun birkiloli irin kakana. A shekarar da mu ke kwana waje saboda mun toshe namu, watau 2024, a London an yi wata shida ana baje kolin hotuna da zane-zanen irin wannan gini a gidan tarihi na Victoria da Albert, mutane suna biyan kuɗi su gani.

Amma kada in sa ku zaci Turawa ne suka koya mana zama da zafi. Wanda ya taɓa shiga soron ƙasa da tsakar rana ya san ba haka ba ne. Ku je Kafin Madaki ku ga gidan Madaki, wanda a ke danganta gininsa ga Babban Gwani, wanda kuma aka sa shi cikin kayan tarihin ƙasa tun 1956. Kauri ne dabararsa, da tsawon soro, da ƙananan tagogi can sama. A ƙasa mai hunturu wannan dabara ta fi luba ta wani wajen, gama tana tare ƙura da sanyin dare. Kakata ma ta ce da aka kawo ta gidan nan ta yi kukan rashin zaure, har sai da marigayi ya ja katanga ya yi mata ɗan zaure a ƙofa. Ashe dai kowane gini da inda ya gaza. Abin da ya haɗa soron Kafin Madaki da gidan kakana shi ne, duka biyu an dubi rana da iska kafin a aza tubali.

To, sanin laifi daban, gaya wa Baffa daban. Mutum ya zuba kuɗin sallamarsa, yaro ya zo ya ce a rushe? Na yi sati biyu ina juya maganar. Da na zo gida ƙarshen wani mako, na same shi bayan cin abincin dare, na durƙusa na ce, "Baffa, ina da magana, amma laifina zan fara faɗa. Ni na ba da shawarar toshe bangon nan, ban kuwa san abin da na ke faɗa ba."

Ya ce, "Yanzu kuma ka sani?"

Na ce, "Ba sai na yi surutu ba, Baffa. In ka yarda, zo ka gani."

Na karɓi kaskon turaren wuta wurin amarya. Muka shiga ɗakin gabas, na buɗe luba, na ajiye kaskon a tsakar ɗaki, na haska tocila. Hayaƙin ya tashi, ya karkata, ya miƙe kamar zare ya fice ta hujin bulo. Muka koma ɗakin kakata, na buɗe taga iyakarta, na ajiye kaskon. Hayaƙin ya tashi ya daki silin, ya tsaya, ya yi ta taruwa har ya sauko mana a ido. Baffa ya yi tari, ya fita. Ya daɗe tsaye a baranda bai ce kome ba. Can sai ya ce, "Gani ya kori ji. Amma ƙura da sauro da ɓarawo fa, Malam? Su ma ka yi musu turare?"

Tambayar tana kan hanya, ita ce kuma ta sa gyaran ya yi kyau. Muka shirya cewa duk abin da za mu komo da shi, sai mun sami maganin aibinsa. Muka nemi wani tsohon kafinta wanda ya yi yaron aiki a hannun kakana, ya zo yana dogara sanda. Ya dubi bangon ya girgiza kai, ya ce, "Ai da raga a jikin bulon nan ta ciki, da hannuna na buga ta. Akwai kuma allunan katako da a ke rataya wa in hunturu ya shigo, a sauke su in ya wuce." Kakata ta ce haka ne, ragar ta ruɓe tun ana yaƙin basasa ba a sake ta ba, allunan kuwa an yi makamashi da su. Kun ji fa. Maganin ƙura da sauro yana cikin ginin tun asali, rashin kula ne ya cinye shi, mu kuma muka ɗora wa ginin laifi.

Cikin babban hutu na 2024 muka yi aikin, ni da ango da birkila ɗaya, tsohon kafinta yana zaune a kujera yana ba da umarni. Fasa simintin da muka cusa a hujin bulo shi ya fi cin rai. Da ƙaramar kurfi da guduma mu ke bi a hankali, huji ɗaya ɗaya, gama in ka yi gaggawa bulon ne zai tsage. Duk da haka guda tara sun fashe. Irinsu kuwa ba a sayarwa yanzu, sai kafinta ya auna mai lafiya ya ƙera akwatin katako daidai da shi, muka zuba sababbi, muka yi mako guda muna ba su ruwa a inuwa kafin a ɗora. Aka buga sabuwar raga ta ciki, aka yi alluna masu maratayi. Muka buɗe 'yan tagogin bisa ƙofofi, muka cire silin roba daga ɗakin kakata.

A nan sai in ja kunnen duk wanda zai taɓa tsohon gida. Silin na asali da muka tarar a sama allunan asbesto ne, kamar na gidaje da makarantu da yawa na wancan zamani. In yana zaune lafiya ba a taɓa shi ba, haɗarinsa kaɗan ne. Amma in aka fasa shi, ko aka huda, ko aka kankare, ƙurarsa tana shiga huhu ta zauna, bayan shekaru ta kawo ciwo mai tsanani har da kansa. Ma'aikatan da suka sa silin roba sun huda shi wuri da yawa, ba wanda ya sani a cikinmu. Muka fitar da kowa, muka rufe hanci da baki, muka jiƙa wuraren da ruwa, muka lilliƙe hujojin, muka shafe shi da fenti, muka goge ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma maimakon tsintsiya. Haka kuma tsohon fenti na jikin ƙarfe da katako, sau da yawa akwai dalma a cikinsa. Wanda ya ji labarin yaran da gubar dalma ta kashe a Zamfara a 2010 ba zai yi wasa da ita ba. A jiƙe a ke goge shi, a kuma kori yara daga wurin.

Luba ta ba mu wahala ta wata hanya. Ƙarafan da aka ciro an sayar wa 'yan gwangwan tun a watan biki. Na zaga gari har na gaji, da kyar na sami na taga biyu wurin wani mai sayar da tsofaffin kayan gini, duk sun yi tsatsa. Muka kankare su da buroshin ƙarfe, muka shafa jan fenti mai hana tsatsa, sa'an nan fenti na sama, muka ɗiga mai a kowace gaɓa har hannun ya riƙa motsi da yatsa ɗaya. Mai yankan gilashi ya yanka mana fallaye. Mai walda kuma ya yi sandunan ƙarfe ta ciki saboda ɓarayi. Duka biyun a ɗakin kakata muka sa su.

Ba duk abin da muka ɓata ne ya gyaru ba. Da muka ɗaga tayil ɗaya a kusurwar falo don mu ga halin tarazo, sai muka tarar an sassare fuskarsa da guduma don siminti ya kama. Daɓen da kakana ya durƙusa ya goge da dutse da ruwa, wanda ya yi shekara 60 bai tsage ba, an lalata shi cikin wuni ɗaya. Muka mai da tayil ɗin muka rufe. Ɗakin ajiyar da ya cinye rabin baranda yana nan, Baffa ya ce sai ya huta tukuna, ni kuwa ba ni da bakin matsa masa. Falo da ɗakin amarya har yanzu da tagogin alminiyam. Tarazon baranda kaɗai ya rage, shi mu ke lallaɓawa. Ruwa da sabulu marar ƙarfi kawai ya ke so. Kada a kusance shi da ruwan batir ko irin magungunan wanke bayan gida, gama suna cin farin dutsen.

Ran da muka gama, kakata ta sa aka mai da gadonta. Da safe na je gaishe ta, na ce, "Uwargida, an tashi lafiya?" Ta ce, "Lafiya lau. Na yi mafarkin mai gidan, ya ce in gaya maka ka ci rabin jarrabawa." Bazarar 2025 a ɗakinta ta yi ta, sai 'yan kwanakin da zafi ya kai matuƙa ta kan fito baranda, kamar yadda ta ce su kan yi tun da.

Yanzu na rubuta ayyukan gidan a takarda na manna a bayan ƙofar falo, yadda a ke manna mana jerin aikin Asabar a makarantar mishan. Kafin ruwan fari, a hau a duba kwano da ƙusoshi, a share magudanar ruwa. Cikin damina, a duba gindin bango da katakon ƙofofi saboda gara, kada a bar ƙasa ta taru a jikinsu. In damina ta wuce, a ɗiga wa luba mai, a duba raga, a liƙe tsaga tun tana ƙarama, gama sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Hunturu ya shigo, a rataya alluna. Ya wuce, a sauke. Duk wannan bai kai kuɗin buhun siminti biyu a shekara ba.

'Yan'uwana, ga dalilin da ya sa na kawo maganar nan gabanku. Ba da daɗewa ba za a rarraba mu makarantu, da yawa daga cikinsu kuwa an gina su ne a wancan zamani, da baranda, da luba, da bulo mai huji, da dogon silin. Wasunmu a tsofaffin gidajen malamai za a sauke su. Wata rana za a sami kuɗin gyara, hedimasta ya tara malamai ya nemi shawara, a juyo a dube ka don kai ne sabon fitowa daga kwaleji, kamar yadda aka dube ni. Yara 60 ko fiye ne za su zauna a ajin nan da azahar a watan Afrilu, ba fanka. Ban ce kada a sake kome ba, gama akwai abin da ya kamata a sake. Roƙona dai, kafin ka ce a toshe, ka tambayi abin nan aikin me ya ke yi, in kuwa an toshe shi wa zai yi aikin. In ba ka sani ba, nemi tsohon da ya sani tun yana da rai. In babu tsoho, kaskon turare ma ya isa, darasi ne kuma mai kyau ga 'yan aji biyar.

Takardar zanen kakana tana wurina, na sa ta cikin leda. Wanda ya ke so ya gani, ya same ni a ɗakin kwana bayan cin abincin yamma. Iyakar labarina ke nan. Allah ya ba mu hankalin tambaya kafin mu ɗauki guduma, amin.